Gidan da dillali ya ce zai biya kansa

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, shekarata 37, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Albashina naira 250,000 a wata. Shekara tara ke nan ina zaman haya, yanzu ina biyan 400,000 a shekara, kuma kusan duk shekara sai mai gida ya ƙara. An nuna mini wani gida a wajen Rijiyar Zaki, sashe uku da shago ɗaya a ƙofar gida, magada ne za su sayar a kan miliyan 18. Ina da miliyan 3.5 daga filin da na sayar da adashin da na kwasa, maiɗakina kuma ta ce za ta sayar da gwal ɗinta ta ƙara mini miliyan 1.5. Sauran miliyan 13 bashin banki zan ci. Shirina mu zauna a sashe ɗaya, in ba da biyu haya a kan 350,000 kowanne, shago kuma 200,000. Dillali ya ce gidan zai biya kansa, kuma in kawo kafin alƙalami cikin mako biyu domin akwai wani Alhaji da ke so. Amma batun kuɗin ruwa yana damuna, ga shi ƙanena ya riga ya ce shi zai shiga sashe ɗaya. Me ka gani?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin wasiƙarka, domin tunanin da ka yi tunanin mutum mai hankali ne. Wanda ya shekara tara yana kai wa wani kuɗi, yana jiran ranar da za a aiko masa da saƙon ƙari, ba laifi ba ne idan ya fara neman ƙofar da zai rufe ya ce tasa ce. Kuma gida mai sassa, a zauna a ɗaya a ba da sauran, tsohuwar dabara ce da ta tsayar da mutane da yawa a garin nan. Ba zan hana ka ba. Amma magana ɗaya ta dillalin nan nake so ka cire daga ranka tun yau, wato wai gidan zai biya kansa. Kai za ka biya gidan nan, da albashinka. Kuɗin haya taimako ne da ke zuwa in ya zo.

Ga dalili. Ɗan haya a Kano shekara-shekara yake biya, shi ma sai an bi shi. Banki kuwa wata-wata yake cire nasa, kuma bai san ɗan hayarka ya yi haihuwa ba, ko an yi masa rasuwa, ko kasuwa ta ƙi. Ranar da aka sa ita ce ranar. Idan ka ɗora biyan da ba ya jira a kan kuɗin da kullum sai an jira shi, to duk wata akwai daren da ba za ka yi barci ba.

Mu zauna mu yi lissafi da alƙaluman da ka ba ni. Bashin da ya fi sauƙi ga ma'aikaci irinka shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Duba takardar albashinka, za ka ga ana cire maka kashi 2.5 cikin ɗari da sunan NHF, wato sunan asusun a taƙaice. Wannan cirewar ita ce ta ba ka damar nema, matuƙar ka yi aƙalla wata shida kana zubawa. Ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, ana iya biya har shekara 30, sai dai kai ritaya za ta tare ka a shekara 60, don haka mu ɗauki shekara 20. Miliyan 13 a wannan tsari zai kama kusan 93,000 duk wata, wato miliyan 1.1 da 'yan kai a shekara. Na san yadda ka lissafa: hayar sassa da shago 900,000, a haɗa da 400,000 da za ka daina biya, miliyan 1.3 ke nan, har da canji. A takarda ya yi kyau.

To amma miliyan 5 ɗinka ba duka za su shiga kuɗin gida ba. Dillali zai karɓi la'adarsa. Lauya zai karɓi nasa. Akwai kuɗin binciken takardu, kuɗin wanda zai ƙiyasta darajar gidan, kuɗin hatimi da rajista, da na neman amincewar gwamna. Sannan gidan magada, wanda ya jima babu mai kula da shi tsakani da Allah, ba ya rasa fenti, ƙofa, famfo da kwanon da ke yoyo. Ni a shawarata ka ware kashi 10 cikin ɗari na farashin don waɗannan, miliyan 1.8 ke nan. Abin da ya rage a hannunka miliyan 3.2. Bashin ya tashi daga 13 ya koma 14.8, biyan wata ya haura zuwa kusan 106,000. Ƙa'idar masu ba da irin wannan lamuni kuwa ita ce kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu. Kashi ɗaya cikin uku na albashinka 83,000 ne. Ka ga tun kafin ka shiga ofishinsu lissafin ya riga ya tsaya.

Hayar ma ka rage mata. Kada ka taɓa lissafa wata goma sha biyu. Wani zai tashi sashe ya yi wata biyu ko uku babu kowa, kuma kafin sabo ya shigo sai ka yi fenti. Wani zai kawo rabi ya ce sauran bayan Sallah. Shadda za ta cika, kuma gida mai iyali uku ba ya daɗewa bai cika ta ba. Injin ruwa zai ƙone. Idan ka ce 900,000, ka rubuta 650,000 a littafinka, abin da ya hau kai ka ɗauke shi kyauta daga Allah. Idan ka raba 650,000 ɗin nan a wata goma sha biyu, 54,000 ne. Rabin biyan banki ke nan, ba dukansa ba.

Bashin bankunan kasuwanci kuwa kada ma ka leƙa. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5, bankuna kuma sama da haka suke ba mutane. Ko a kashi 28 aka ba ka miliyan 13, ruwan kaɗai miliyan 3.6 ne da ɗoriya a shekara, sama da 300,000 a wata, uwar kuɗi ba ta motsa ba. Ya fi albashinka gaba ɗaya. Babu hayar da za ta ɗauki wannan a Rijiyar Zaki, ko a Nasarawa GRA ma.

Gaskiya ɗaya da ke bayanka, kuma ba zan ɓoye ta ba: idan biyan wata a tsaye yake ba ya canzawa, tsadar rayuwa kanta tana rage masa nauyi. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Hayar da kake karɓa za ta hau, albashi ma yakan motsa ko da a hankali, biyan banki kuwa yana nan inda yake. Abin da ya shaƙe ka bana, bayan shekara biyar zai yi sauƙi. Saboda haka duk haɗarin yana cikin shekara biyu zuwa uku na farko. Wanda ya tsallake su ya sha. Wanda ya shiga babu ko sisi a ajiye, su ne ke kayar da shi. Shi ya sa nake so ranar da za ka karɓi mukulli ya kasance kana da biyan wata shida a wani asusu da ba ka taɓawa, ba don suna ba, ba don biki ba.

Yanzu batun da ka ce yana damunka, wanda ni a wurina ya fi duk lissafin nan nauyi. Kada ka danne wannan damuwar, alheri ce. Aya ta 275 a Suratul Baƙara a fili take, Allah Ya halatta ciniki Ya haramta riba, kuma mafi yawan malamanmu ba su bambanta ruwa kaɗan da ruwa mai yawa ba. Lissafin kashi 6 da na yi maka don ka ga ko mafi arhar bashi bai ɗauke ka ba ne, ba don in tura ka gare shi ba. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka kai masa takardar yarjejeniyar kanta ya karanta, kada ka ba shi labari da baki. Mutum ba ya jin daɗin gidan da kullum in ya yi sujada a cikinsa zuciyarsa na tuhumarsa.

Kuma yau akwai wata ƙofa da iyayenmu ba su samu ba. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, duka bankuna ne da ba sa mu'amala da ruwa. Hanyoyin da aka saba bi a irin wannan tsari su ne, ko dai banki ya sayi gidan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko kana biya kaɗan-kaɗan, ko ya saya ya ba ka haya da alkawarin mallaka a ƙarshe, ko ku yi tarayya, kai da kasonka shi da nasa, kana biyan hayar kasonsa kana kuma sayen kason a hankali har gidan ya zama naka. Sai dai ka sani, rashin ruwa ba ya nufin arha. Su ma kasuwanci suke yi, kuma sau da yawa wa'adinsu bai kai na asusun gwamnati tsawo ba, wanda ke sa biyan wata ya yi nauyi. Ka sa su rubuta maka abin da za ka biya duk wata da jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, ka auna da 83,000 ɗin nan. Sannan ka tambaye su ƙarara: tunda gidan nasu ne ko namu ne tare, an yarda in zuba 'yan haya? Hayar ta wa ce? Wa zai yi babban gyara? A rubuta amsar. Ko ta wace hanya ka bi, kada ka ɓoye cewa akwai shago da 'yan haya, domin lamunin gidan zama da na gidan kasuwanci ba ɗaya ba ne a wurinsu. Ka kuma tambayi tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, da zai biya sauran bashin idan ta Allah ta kasance, kada a wayi gari marayu na zaman makoki banki na buga ƙofa.

Duk wannan ma sai gidan na da takarda, kuma ban ga ka ambaci takarda ko sau ɗaya a wasiƙarka ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha a hannun gwamna take amana, abin da mutum ke riƙewa shi ne takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, galibi ta shekara 99, kuma ba a sayarwa ko jinginarwa a hukumance sai da amincewar gwamna. Gidaje da yawa a unguwannin gefen Kano awon igiya ne, takardarsu ta ciniki ce da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Wannan takardar tana da amfaninta a tsakanin mutane, amma banki ba ya karɓar ta jingina. Idan gidan nan awon igiya ne, maganar bashi ta mutu daga nan. Idan kuma sun ce akwai satifiket, wato C of O ɗin, ka karɓi kwafi, ka ba lauyanka, ba lauyan dillali ba, ya je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, ya bincika: sunan wa ke kai, an taɓa jinginar da shi, akwai kuɗin ƙasa da ake bi? Ka kuma nemi shaidar amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, a kan ginin, musamman shagon, domin shagunan ƙofar gida su ne suka fi cin hanya da magudanar ruwa, su ne kuma ake fara shafa wa jan fenti.

Kalmar magada ita ma ta sa na gyara zama. Gidan gado ba a sayensa daga hannun babban wa shi kaɗai, komai girman rawaninsa. Ka nemi takardar kotun Shari'a da ta nuna su wane ne magada da kason kowa, kowane baligi ya sa hannu, mata da maza, har wadda ke aure a Gusau da wanda ke neman kuɗi a Legas. Idan akwai ƙananan yara, sai da izinin alƙali. Na ga mutumin da ya yi shekara huɗu a gidan da ya saya, ya yi masa bene, sannan wata 'yar marigayin ta dawo ta ce ita ba ta sayar ba, kuma gaskiyarta ce. Ka kuma tambaya ko akwai 'yan haya a ciki yanzu, da ranar da kuɗin kowa zai ƙare. Ba abin mamaki ba ne ka tarar an karɓi hayar shekara biyu an raba an cinye, kai kuma ka gaji mutanen ba tare da kuɗinsu ba.

Ka koma gidan kai kaɗai, ba tare da dillali ba. In da hali bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya da alamar da ya bari a jikin bango. Ka zauna wurin mai shayin layin ka tambayi nawa ake biyan haya a maƙwabta, ka ji ko 350,000 ɗin nan gaskiya ce ko ta bakin dillali ce. Ka tambayi ruwa: famfo na zuwa, ko rijiyar burtsatse ce, ko 'yan ga-ruwa ake jira?

Sai zama da 'yan haya, wanda babu lissafin da ke nuna shi. Kai da safe za ka fita ofis. Wadda za ta wuni da su maiɗakinka ce. Ita za ta ji faɗan yara, ita za a zo wa aron gishiri, ita za a gaya wa baƙar magana ranar da ka tambayi kuɗin haya. Ka kai ta ta ga gidan kafin ka yanke komai, ta duba ko sashenku na da ƙofarsa da banɗakinsa da wurin shanya, ko kuwa tsakar gida ɗaya za a haɗa da mazan da ba muharramanta ba. Idan ana buƙatar katanga ko sabuwar ƙofa, a sa cikin lissafi tun yanzu. Kowane sashe da mitarsa ta kati daga KEDCO, shago ma haka, domin babu abin da ke haɗa mai gida da ɗan haya faɗa kamar kuɗin wuta na tarayya. Kowa da rubutacciyar yarjejeniya da rasit. Kuma ka sani, fitar da ɗan haya ba aikin yini ɗaya ba ne: mai biyan shekara, in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, sanarwar wata shida ake ba shi, sannan ta kwana bakwai, sannan kotu. Cire ƙofa ko kwano ko yanke wa mutum wuta laifi ne, kai zai jawo wa shari'a, kuma zalunci ne ga wanda ya zama maƙwabcinka. Kai da ka shekara tara kana haya ka fi kowa sanin zafin abin.

Ƙanenka kuwa, ka gaya masa gaskiya tun yanzu da bakinka, kafin Hajiya ta ji daga wani wuri. Ni na taɓa ba ɗan'uwa ɗaki haya. Shekarar farko ya biya, ta biyu ya kawo rabi, ta uku na ji kunyar tambaya, shi ma ya ji kunyar haɗuwa da ni, har ya koma yana shigowa bayan na kwanta. Ban damu da kuɗin ba kamar yadda na damu da shekarun da muka yi muna gaisuwa sama-sama. Idan kana so ka taimaki ƙanenka, ka taimake shi da abin da ka san kyauta ka ba shi. Sashen da bashi ke kansa ba naka ba ne da za ka yi alheri da shi tukuna. Ka ce masa haka, ka nuna masa takardar biyan wata, mai hankali zai gane.

Gwal ɗin maiɗakinka shi ne abin da ya fi taɓa ni a wasiƙar. Wannan dukiyarta ce, kuma shi ne abin da mace ke jingina da shi ranar da komai ya ƙare. Tunda ta miƙo, Allah Ya saka mata, amma kada ka karɓa da baki kawai. Ku zauna ku yanke: bashi ne ko tarayya? In bashi ne, a rubuta nauyin gwal ɗin a giram, ba darajarsa a naira ba, domin miliyan 1.5 na bana ba zai sayi gwal ɗin nan bayan shekara biyar ba. In tarayya ce, miliyan 1.5 cikin 18 kashi ɗaya cikin goma sha biyu ne na gidan, a rubuta da shaidu, har da wani daga danginta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In ba a rubuta ba, ranar rabon gado gidan duka naka za a lissafa, ita tumuni kawai za ta samu tunda akwai 'ya'ya, in kuma ka ƙara aure su raba tumunin. Ba na jin kana so a yi mata haka.

To ga abin da na gani. A kan miliyan 18, da abin da ke hannunka yau, gidan nan ya fi ƙarfinka. Ko a mafi sauƙin tsari, albashinka bashin kusan miliyan 11.5 yake ɗauka, ba 14.8 ba. Ko dai magada su sauko sosai, ko ka ƙara shekara ɗaya ko biyu kana tari, ko ka nemi gida mai sashe biyu wanda bashinsa ba zai kai haka ba. Akwai ma hanyar da mutanenmu suka fi bi: fili mai takarda, a gina sashe ɗaya a shiga, hayar da aka daina biya ta koma bulo da siminti, bayan shekara biyu a ɗora na haya, babu banki a tsakani. Tana da jinkiri, amma tana barin mutum ya yi barci.

Kafin alƙalami kuma kada ka ba da ko naira ɗaya sai sakamakon bincike ya fito kuma banki ya ba ka amsa a rubuce, domin lamunin gida watanni yake ɗauka, ba mako biyu ba. In har za ka bayar daga baya, a rubuta cewa za a dawo maka da kuɗinka idan takarda ta samu matsala ko lamuni bai fito ba. Gobe ka kira dillalin ka ce ya kawo kwafin satifiket da takardar kotu ta magada. Idan ya kawo, ka kai wa lauya. Idan ya sake kawo maka labarin Alhaji, ka ce Allah Ya sanya wa Alhaji alheri, ka ce ya nemo maka mai sashe biyu.